Tukwane Masu Jan Zare

Shekara biyar 'yar ƙanena ta yi a ɗakin da ke jikin nawa, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin saman teburinta ba. Takardu ne, a kan takardu littattafai, a kan littattafai kofin shayin da ta manta tun shekaranjiya. Tun tana firamare take sa tabarau, shi ya sa dangi kaf muke ce mata Tabarau, sunan ya bi ta har jami'a. Da ta samu gurbin karatun digiri na uku, ubanta ya kawo min ita da akwati biyu, saboda gidana ne kusa da makarantar, tafiyar minti ashirin in gwiwa ba ta tashi ba. Ya ce min, Yaya, shekara uku ce kacal. Na ce ko talatin ce ɗakin na nan.

Wake take karantawa. Ranar da ta faɗa min na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ni da na shekara hamsin ina dafa shi ba wanda ya kira ni dakta. Ta ce ita ba dahuwarsa take nema ba, so take ta gano wane iri ne ya fi jure ƙishirwa, saboda manoman da ruwa ke yanke musu a tsakiyar damina. Iri shida aka ba ta, kowanne da lambarsa. Wannan bayanin ya shiga kunnena, amma kamar yadda za ku ji, bai wuce kunnen ba.

Har yau in gari ya waye nakan kasa kunne kamar zan ji ta. Ƙarar famfo, sai jan kujera, sai neman makulli, kullum sai an nemi makullin nan, kullum kuma yana aljihun jakarta. Ta leƙo ta ce, Goggo na tafi, kafin in amsa ƙofa ta rufe. Da yamma ta dawo da ƙasa a farce, ta zube a kan tabarmata, ta ba ni labarin mutanen ɗakin karatunsu: wanda ke barci a kan littafi, wadda ta haihu sau biyu karatun bai ƙare ba, fankar da ke kuka kamar tana neman a sallame ta. Ban san fuskokinsu ba a lokacin, amma na san wanda ke shanye wa mutane sukari.

Gwajin ƙarshe ne ya ƙi ta. Karon farko ɓeraye suka shiga suka tone irin tun bai tsiro ba. Karo na biyu bututun ruwa ya fashe a ƙarshen mako, kafin a ankara tukwanen duk suna iyo. A haka shekara uku ta zama biyar. Sai ga takarda daga makaranta: an ba ta kwana casa'in ta miƙa kundinta, in ba haka ba a cire sunanta, shekara biyar ta tashi a banza. Ta manna takardar a bayan ƙofar ɗakinta, ta sake shuka a karo na uku. Gwajin kwana arba'in da biyar yake ci. Ta ce min, Goggo, wannan in ya lalace ba ni da wani.

A lokacin ne ta fara ramewa. Ƙashin wuyanta ya fito, riga ta koma kamar ta aro. Na lura abincin da nake zuba mata a kula da safe haka yake dawowa, ko murfin ba ta buɗe ba. Na ce to, tunda kula ba ta da bakin da za ta ce a ci, ni ina da shi. Kullum wajen sha biyu da rabi sai in ɗauki kula da 'yar butar roba ta wanke hannu, in kama hanya. Mai gadin ƙofar baya ya saba da ni, har ya daina tambayata wurin wa na zo.

Ɗakin shukar yana bayan sashensu, dogo, bango da rufi duk gilashi. Da ka shiga zafi zai rungume ka, ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tukwanen roba ɗari da ashirin a jere kan dogayen tebura, kowace a kan ɗan farantinta. Rabi an ɗaura musu farin zare, rabi ja. Kwana ashirin na farko kowa na shan ruwa. Daga nan masu farin zare su ci gaba da sha, masu ja kuwa a yanke musu ɗungurungum. Ita kuma kowace safiya ta bi su da rula da littafi, ta auna tsawo, ta ƙirga ganye, ta rubuta ranar da kowane ya sunkuyar da kai.

Ta gaya min, ba zan yi mata ƙarya ba. Ranar farko ta ce, Goggo, zauna a bencin nan, ki kalli duk abin da kike so, amma masu jan zare kar ki taɓa su. Na ce to. Sai dai ni a raina na ɗauke shi irin maganar likita in ya ce a bar sukari. Kowa ya san ba yana nufin har rabin cokali ba.

In ta gama cin abinci takan tafi wani gini da ganyen da ta tsinka, ta sa a na'urar busarwa, ta yi kamar rabin awa. Ni kuma a bar ni a benci, ni da shuke-shuke. Kwana na shida da yanke ruwa, na duba layin da ke gaban gwiwata, sai ga wani ɗan wake ya saki ganyensa, ya langaɓe kamar yaron da zazzaɓi ya kayar. Can gefe 'yan'uwansa masu farin zare sun yi shar, har suna neman abin hawa. Na kau da kai. Na sake dubawa. Na raini yara shida da jikoki, ban taɓa zama da ruwa a hannu wani abu na ƙishirwa a gabana ba. Na ɗaga butar, sauran ruwan wanke hannu, na tsiyaya masa kaɗan.

Kuma ku ji inda na san ba ni da gaskiya: ban zuba a kan ƙasar ba, a farantin ƙasan tukunyar na zuba, yadda nake wa furannina, ƙasar ta tsotse daga ƙasa. Kafin Tabarau ta dawo faranti ya bushe, sama kuwa ko alama.

Washegari na tarar ya miƙe. Wallahi sai na ji kamar ya gaishe ni. To na kusa da shi fa, shi me ya yi? Kafin mako ya zagayo, layin nan gaba ɗaya, tukwane goma, ni ke shayar da su, na koma cika butar tun daga gida. Sauran hamsin ɗin sun yi min nisa, kuma buta ɗaya ce, sai dai in yi musu addu'a. Ban san cewa goman nan duk iri ɗaya ba ne. Ta jera kowane iri a layinsa, na gabana shi ne iri na huɗu.

Sai Tabarau ta fara canzawa. Ta dawo gida tana 'yar waƙa a hanci. Ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ta kira ubanta a waya ina jin ta tana cewa, Baba, ina jin na samo shi. Malamin da ke duba aikinta, wani dattijo mai farin gemu da kowa ke ce wa Farfesa, ya zo da kansa wata rana ina zaune. Ya tsaya a gaban layina ya daɗe, ya taɓa ganye, ya duba jan zaren ya sake dubawa. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai ga waken da ya yi kwana goma sha biyar ba ruwa yana tsaye haka ba. Ya gaishe ni da ladabi ya fita. Ni kuwa ina riƙe da buta a cinya, na lulluɓe ta da mayafi.

Ko a lokacin ban gane girman abin ba. Murna ma nake, yarinya ta samu abin da take so, shukoki sun rayu, kowa ya huta. Sai wata yamma, kwana na talatin da takwas, muna zaune a baranda, ta ce bari ta karanta min babin da take rubutawa. Tana karantawa da Turanci tana juya min da Hausa. Ta ce iri na huɗu ya nuna juriyar da ba a saba gani ba. Ta ce Farfesa zai sa a yawaita irin, baɗi a raba wa manoma a wuraren da ruwa ke yankewa, su gwada a gonakinsu.

Na ce, a gonakinsu na gaske?

Ta ce, eh mana, Goggo, ai don su ake yi.

Na hango mutum ya zuba irin nan a gonarsa saboda an ce masa dakta ta auna, ruwa ya ɗauke, shi kuwa ba wata tsohuwa da za ta bi masa layi da buta. Abincin yamma ban iya ci ba, na ce mata haƙori ne.

Kwana biyu ina juya maganar. In na faɗa, na rushe mata shekara biyar da hannuna. In na yi shiru, ta sa hannu a kan ƙarya ba ta sani ba, sunanta ne a jiki ba nawa ba. Na je da kula ranar farko ban ɗauki buta ba, na ce na manta. Rana ta biyu ma haka. A safiya ta uku, tana neman makullinta, na yafa mayafi na ce zan raka ta. Ta dube ni, ta dubi hannuna ba kula, muka kama hanya.

Sai da muka shiga ɗakin shukar ta ajiye jaka na ce, Tabarau, zauna. Ta ce rula take nema. Na ce zauna dai. Na faɗa mata duka, a tsaye, ina kallon zaren tukunyar farko.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta cire tabaran ta goge da gefen riga, ta mayar, ta buɗe littafin awonta, ta ciro biro.

"Waɗanne tukwane?"

Na nuna.

"Tun yaushe?"

"Kwana na shida da kika yanke musu."

"Kullum?"

"Ban da jiya da shekaranjiya."

Ta rubuta. Ta tambaye ni cikin buta nawa, na ce ɗaya. Ta rubuta wannan ma. Sannan ta zauna a ƙasa, kan simintin nan mai zafi, ta jingina da ƙafar tebur.

"Goggo," ta ce, ba ta dube ni ba, "da kin yi shiru ba wanda zai taɓa sani."

"Na sani."

"Ni ma yanzu in na yi shiru…"

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taya ta ba. Ba ni da bakin da zan yi mata wa'azi ranar. Ta ƙara zama kamar minti biyar, sannan ta tashi ta kaɗe siket, ta ce za ta ofishin Farfesa. Na ce ƙafata ƙafarta. Ta ce ba sai na je ba. Na ce ni na yi ɓarnar, bakina zai faɗa.

Ofishin ƙarami ne, kwalaye har rufi. Farfesa ya kwashe takardu daga kujera ya ba ni. Na maimaita masa abin da na faɗa mata. Ya saurara hannunsa a gemu, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, Mama, a farantin kika zuba? Na ce eh. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka warware wa wani lissafi. Ya juya wurinta ya ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne: da ana ɗora tukwanen a sikeli kowace safiya, da tun rana ta biyu nauyi ya tona asiri, kuma bai kamata a jera iri ɗaya a layi ɗaya ba, shi ya ga jerin da idonsa bai ce komai ba saboda yana son abin da ya gani. Ya tambaye ta irin da ya rage. Ta ce zai isa sau ɗaya, da ƙyar. Ya jawo kalanda suka ƙirga da yatsa. Kwana hamsin ya rage a wa'adi. Gwaji arba'in da biyar. Ya ce ba shi da ikon ƙara mata ko yini ɗaya, an riga an ƙara mata sau biyu. In za ta iya rubuta babi a kwana biyar, to yau za a zubar da ƙasa a sake cikawa.

Ranar 'yan ɗakin karatunsu duk suka fito, a nan na ga fuskokinsu. Mai barci a kan littafi shi ya fi kowa ɗaukar buhun ƙasa. Mai 'ya'ya biyu ta zauna tana ɗaura zare. Na miƙa hannu zan taya, Tabarau ta ce, Goggo ki je gida, rana ta yi. A hankali ta faɗa, amma na ji shi har ƙashi.

Daga nan aka sa wa ɗakin shuka kwaɗo. Na ci gaba da kai abinci, sai dai iyakata wani benci a waje, ƙarƙashin bishiya. Labari ya zaga, mai gadi ya laƙaba min Damina. In ya hango ni sai ya ce, a kwashe shanya, ga Damina nan tafe. Nakan ce masa ya yi hankali kar in sauka a kansa. A gida kuwa ba dariya. Tana gaishe ni safe da yamma, ba ta taɓa fasawa ba, amma ta daina zubewa a tabarmata. Ta shige ɗaki, sai ƙarar madannan kwamfuta, tana gyara sauran babobin kafin shuka ta girma. Ubanta ya kira ya ce, Yaya, me na ji? Na ce abin da ka ji. Ni na goya shi, ba ya iya min faɗa.

Da aka sake yanke ruwa, ta cikin gilashi nake kallo. An warwatsa irin, ban ma san wane ne wane ba. Kowace safiya tukunya sittin sai ta hau sikeli. Na ga suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, ganye ya yi rawaya, ya naɗe, ya zube. Na koyi zama in juya wa gilashin baya.

Kwana na arba'in da uku ta fito ba ta karɓi kular ba, ta tsaya a kaina.

"Zo ki gani. Amma hannu a baya."

Na sa hannu a baya kamar 'yar firamare, na bi ta. Ɗakin ya zama kamar an yi gobara a rabinsa. Ta nuna min busassun kara nan da can ta ce, ga 'ya'yanki, iri na huɗu, su suka fara mutuwa, ko kwana tara ba su kai ba. Sannan ta bi da ni wurin wasu gajeru, masu ƙananan ganye, marasa kyan gani, waɗanda da ni ce ko kallo ba za su ishe ni ba. Sun yi laushi amma da sauran kore. Ta ce iri na biyu ne. Ba abin mamaki ba ne irin wancan, kwana shida kawai ya fi sauran, amma kwana shidan na gaskiya ne, kuma manomi ya san abin da kwana shida ke yi. Tana magana ta dafa kafaɗata, ina jin ba ta ma san ta dafa ba.

Kwana biyar ɗin nan ban san yadda ta yi su ba. Ni dai nawa shayi da hana yaran maƙwabta buga ƙwallo a jikin tagarta. Ranar ƙarshe, ƙarfe uku da rabi, muka fito daga shagon mai ɗinke littattafai da kundi huɗu masu baƙin bango, manne bai gama bushewa ba. Ta riƙe biyu na riƙe biyu. Akawun ofishin yana shirin rufe taga muka iso, ya dubi agogo, ya dube mu, ya buga hatimi.

Bayan wata biyu aka kira ta kare aikin. Ba a barin dangi su shiga, na zauna a baranda awa uku. Ta ce min baƙon malamin da aka gayyato ya tsaya a wani layi guda da ta rubuta, cewa an soke gwaji na uku saboda an shayar da wasu tukwane ba bisa tsari ba, ya tambayi wa ya shayar. Ta ce goggonta. Ya cire gilashinsa ya ce shi ma yana da irinta a gida. Da ƙofa ta buɗe Farfesa ne ya fara fitowa, ya ce min, Mama, shigo ki gaida Dakta.

Ba ta ƙara wata uku a gidana ba, aiki ya ɗauke ta zuwa wata cibiyar bincike mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Shekara tara ke nan. Ɗakin yanzu jikokina ke kwana in sun zo hutu. Farfesa ya yi ritaya, gwiwata kuma ba ta kai ni makarantar. Amma mai 'ya'ya biyun nan, wadda yanzu ita ke koyarwa a sashen, takan biyo ta gaishe ni, 'ya'yan ma sun zama huɗu. Ta ce duk ɗalibin da zai fara gwajin ƙishirwa sai an ba shi labarina kafin a ba shi makulli, kuma in nauyin wata tukunya ya ƙaru ba dalili, sai su dubi juna su ce Goggo ta zo. Na ce ta gaishe min da su, ta ce musu su riƙa cin abinci.